BABI NA UKU: KATIN KANTAR SHAGO A TSOHUWAR TALLAR TABA SIGARI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan talla a matsayinta na hanyar sadarwa tsakanin mai haja da mai saye, an kuma nuna yadda Bahaushe yake gudanar da tasa tallar da fatar baki, ta hanyar kiran sunan kaya da zuga su da yi musu kirari. A wannan babi kuwa za a dubi wani nau'in talla ne wanda ba ya buɗe baki, wato katin da kamfanonin taba sigari na Ingila da Amurka suka riƙa girkewa a cikin shaguna tun daga ƙarshen ƙarni na 19. Za a bayyana siffar wannan kati, da dalilan samuwarsa, da jigogin da yake ɗauke da su, sannan a waiwayi yadda irin wannan talla ta iso ƙasar Hausa. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, kantar shago tana cikin wuraren farko da tallar sigari ta kafu, kuma ita ce mafakarta ta ƙarshe bayan da doka ta kore ta daga talabijin da rediyo da jaridu.

3.1 Ma'anar Katin Kanta da Siffarsa

Kanta ita ce dogon teburin nan da yake raba mai shago da mai saye, inda ake miƙa kuɗi a karɓi kaya. Abin da aka kira katin kanta a wannan nazari kuwa shi ne wani fallen kwali mai kauri, wanda aka buga wa hoto mai launi da sunan taba da 'yar gajeruwar magana. A bayansa akan liƙa wata 'yar ƙafa ta kwali wadda ake buɗewa domin ya tsaya da kansa, wani kuma akan huda shi a sa masa zare a rataye. Akwai wanda ake yankewa daidai da siffar abin da aka zana, kamar mutum ko kwalin sigari, akwai kuma wanda ake yi wa gurbin da za a jera kwalayen sigarin a jikinsa.

Kamfani ne yake buga katin da kuɗinsa, wakilansa masu zagaya shaguna su raba wa 'yan kasuwa kyauta. Mai shago ya sami abin ƙawata shagonsa, kamfani kuma ya sami wurin da ya fi kowane daraja, domin a gaban kanta ne mai saye yake yanke shawarar abin da zai saya, kuɗinsa na hannunsa. Tallar jarida sai mai karatu, kuma yana iya mantawa da ita kafin ya isa kasuwa. Amma katin kanta da mai karatu da wanda bai iya ba duk suna ganinsa, kuma ga hajar nan a bayan mai shago. Wato dai hikimar da ke cikinsa ita ce wadda Hausawa suka taƙaita da cewa gani ya kori ji.

3.2 Dalilan Samuwar Katin Kanta

Idan aka bi diddigin al'amarin za a tarar abubuwa uku ne suka haɗu suka haifar da wannan kati.

Na farko shi ne injin naɗa sigari. Kafin samuwarsa da hannu ake naɗi, kuma gwanin ma'aikaci bai cika wuce kara huɗu a minti ɗaya ba. A shekarar 1881 wani Ba'amurke mai suna James Bonsack ya yi rajistar injin da yake naɗa kimanin kara 200 a minti ɗaya, wato kara 120,000 ke nan a aikin awa goma. Kamfanin W.D. & H.O. Wills na birnin Biristol ya sami izinin amfani da shi a Ingila a 1883, shi kuma James Buchanan Duke ya sa shi a masana'antarsa ta Amurka a 1884. Nan take sigari ta fi masu shanta yawa, domin a wancan zamani yawancin mashaya taba lofe suke zuƙa, ko su tauna, ko su shaƙa. Ke nan dole kamfanoni su nemo sababbin mashaya. An karya farashi, har Wills ya fito da sigarin Woodbine a 1888, kara biyar a kan kwabo ɗaya. Shi kuwa Duke a shekarar 1889 kaɗai ya kashe kimanin dala 800,000 wajen talla.

Na biyu shi ne bunƙasar ɗab'i mai launi. Tun a 1796 Alois Senefelder ya ƙago hanyar buga rubutu da hoto ta amfani da shafaffen dutse, sannan a 1837 Godefroy Engelmann ya yi rajistar hanyar buga launuka da ita a Faransa. Kowane launi da nasa dutsen, a buga ɗaya a kan ɗaya har hoto ya cika. Zuwa ƙarshen ƙarnin aikin ya yi araha, ta yadda za a iya buga dubban katuna masu ƙyalli a raba kyauta, a lokacin da hoto mai launi abin marmari ne a gidan talaka.

Na uku shi ne gasa. Sigarin wannan kamfani da na wancan ba su da wani bambanci na a-zo-a-gani a ido: farin kara ne da ganye a ciki. Saboda haka abin da za a bambanta su da shi sai suna da tambari da hoto. Gasar ta kai ƙololuwa a 1901 lokacin da Duke ya sayi kamfanin Ogden's na Libaful da nufin mamaye kasuwar Ingila. Kamfanonin Ingila 13 suka dunƙule suka kafa Imperial Tobacco domin su tare shi. A 1902 aka yi sulhu, kowa ya riƙe kasuwar ƙasarsa, suka kuma haɗa hannu suka kafa British American Tobacco domin cinikin sauran duniya. Wannan kamfani ne daga baya ya mamaye cinikin sigari a Nijeriya.

3.3 Dangogin Katin Kanta

Katin kanta bai yi aiki shi kaɗai ba. Yana da 'yan'uwa da suka taimaka masa, waɗanda suka haɗa da:

(a) Katin cikin kwali. Da farko ɗan kwali ne ake sakawa domin kada sigari ta kakkarye a aljihu. Daga baya aka fara buga masa hotuna jeri-jeri, yawanci 25 ko 50, na 'yan wasa da tsuntsaye da jiragen ruwa da tutocin ƙasashe. Kamfanin Allen & Ginter na Amurka ya yi fice a wannan fanni a shekarun 1880, haka ma Wills da John Player a Ingila. Dabarar ita ce, wanda ya fara tarawa ba zai sauya sigari ba sai ya cika jerin. Yara kuma su ne manyan masu tarawa, suna roƙon manya katin a ƙofar shago, ta haka suka haddace sunayen sigari tun ba su isa sha ba. Ƙarancin takarda ya sa aka daina buga su a Ingila a 1940.

(b) Allon ƙarfe. Wannan shi ake kafawa a bangon shago ta waje da tashoshin jirgin ƙasa. Ana dalaye shi da irin dalayin da ake yi wa langa da fanteka, don haka rana da ruwan sama ba sa kashe launinsa da wuri. Aikinsa shi ne ya jawo mutum zuwa ƙofar shago, katin kanta kuma ya ƙarasa sauran aikin.

(c) Kalanda. Ita ce take bin mai saye har cikin ɗakinsa ta shekara a rataye. A ƙasar Sin kamfanin British American Tobacco ya ɗauki masu zane 'yan ƙasa a birnin Shangai suna zana masa kalandu da hotunan matan Sin cikin tufafinsu. Wannan ya nuna cewa tun da wuri kamfanin ya fahimci talla ba ta karɓuwa sai ta sa rigar mutanen wurin.

3.4 Jigogin da Katunan Suke Ɗauke da Su

Abin lura na farko ga mai nazarin waɗannan katuna shi ne, ba kasafai suke tsayawa bayanin ganyen taba ba. Mutum suke nunawa, irin wanda mai saye yake sha'awar ya zama. Ana iya kasa jigoginsu gida uku.

3.4.1 Jigon Mazakunta

Tambarin sigarin Player's Navy Cut na birnin Notingam shi ne kan wani sojan ruwa mai gemu a tsakiyar zoben da ake jefa wa wanda ya faɗa ruwa, ga teku da jirage a bayansa. A zamanin da Ingila take alfahari da rundunar ruwanta, wannan hoto ya danganta sigari da jarunta da kishin ƙasa ba tare da an furta ko kalma ɗaya ba. Misali mafi shahara kuwa shi ne na Marlboro. A shekarun 1920 sigarin mata ce, ana tallarta da laushi. A tsakiyar shekarun 1950 kamfanin talla na Leo Burnett ya sauya mata kama, ya haɗa ta da hotunan ƙarfafan maza, daga bisani aka tsaya a kan kaboyi da dokinsa a fili fetal. Suna bai sauya ba, hoto ne ya sauya, amma masu saye suka sauya baki ɗaya.

3.4.2 Jigon 'Yanci da Kwalliyar Mata

A farkon ƙarni na 20 abin kunya ne a ga mace tana shan sigari a bainar jama'a a Amurka. Kamfanoni suka ga rabin jama'a ke nan ba sa saye. A 1928 Lucky Strike ta fara talla mai cewa mace ta ɗauki sigari maimakon alewa, wai don kada ta yi ƙiba. A 1929 kuma Edward Bernays ya shirya wasu 'yan mata suka kunna sigari a tsakiyar jerin gwanon bikin Ista a birnin Niyok, aka sanar da 'yan jarida cewa alama ce ta 'yancin mata. Katunan kanta na wannan zamani cike suke da hotunan mata cikin ado, sigari a tsakanin yatsu.

3.4.3 Jigon Lafiya

Wannan shi ne jigon da ya fi muhimmanci ga wannan nazari, domin a nan ne aka fi sarrafa harshe. A 1930 tallar Lucky Strike ta yi iƙirarin cewa likitoci 20,679 sun ce ba ta kai sauran sigari kartar maƙogwaro ba. A 1946 Camel ta fara tallar da ke cewa an tambayi likitoci 113,597, an tarar ita suka fi sha. A Ingila kuma Craven A ta daɗe tana cewa an yi ta ne musamman domin kare maƙogwaro. Idan aka duba da kyau za a ga dabaru biyu. Ta farko ita ce kawo adadi marar cikar lissafi, kamar 20,679, wanda yake sa mai karatu ya ɗauka an yi ƙidaya ta ƙwarai. Ta biyu ita ce kwatance: ba a ce sigari ba ta da illa ba, an ce wannan ba ta kai waccan ba. Da wannan aka amsa tsoron da ke zuciyar mai saye ba tare da an ɗauki alkawarin komai ba.

3.5 Isowar Tallar Ƙasar Hausa

Hausawa sun san taba tun kafin zuwan Turawa. Suna nomanta, suna shan ta a lofe, suna cusa tabar gari a baki, mata kuma suna goga furenta a haƙora tare da goro domin kwalliya. Baƙon abu shi ne sigarin da ke cikin kwali mai tambari. British American Tobacco ya fara da shigo da ita daga waje, sannan ya buɗe masana'anta a Ibadan a 1937. A 1951 aka kafa Nigerian Tobacco Company a ƙarƙashinsa, wanda ya buɗe masana'anta a Fatakwal a 1956, da wata a Zariya a 1959.

A nan ƙasar, kanta irin ta Ingila ba ta wuce manyan kantunan birane ba. Yawancin sigari a teburin mai tireda ake sayenta, kara-kara, tare da ashana da alewa da sukari. Saboda haka kwalin sigarin da aka jera a gaban tebur shi ya yi aikin katin kanta. Shaidar haka tana cikin harshe. Mai saye da bai iya karanta sunan Turanci ba sai ya kira sigari da hoton da ke jikinta: Bicycle ta zama mai basukur, Three Rings ta zama mai zobe. Wannan ya dace da ƙa'idar Hausa ta ƙirar suna da "mai", kuma ya tabbatar da abin da aka faɗa a sashe na 3.2, cewa abin da mai saye yake riƙewa a ransa hoto ne. Bugu da ƙari, zaɓen keke a matsayin tambari ya dace da zamanin da mallakar basukur alama ce ta wayewa da abin hannu.

3.6 Doka da Komawar Talla Kan Kanta

A 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill a Ingila, da Ernst Wynder da Evarts Graham a Amurka, suka wallafa binciken da ya danganta shan sigari da ciwon dajin huhu. Maimakon su janye, kamfanonin Amurka suka buga wata sanarwa a jaridu fiye da 400 ranar 4 ga Janairu, 1954, suna cewa ba a tabbatar da zargin ba. Suka kuma karkata ga tallar sigari mai matacin hayaƙi a gindi. Ɗaya daga cikinsu, wato Kent, matacinta na tsakanin 1952 da 1956 yana ɗauke da sinadarin asbesto, wanda shi ma yake jawo ciwon daji. Rahoton ƙungiyar manyan likitocin Landan na 1962 da na Babban Likitan Gwamnatin Amurka na 1964 su suka rufe ƙofar gardama.

Daga nan doka ta fara bin tallar ɗaya bayan ɗaya. Ingila ta hana tallar sigari a talabijin a 1965. Amurka ta hana ta a rediyo da talabijin daga Janairun 1971. Duk ƙofar da aka rufe sai kuɗin ya kwarara zuwa wata: mujallu, da allunan bakin titi, da ɗaukar nauyin wasanni kamar tseren motoci da kurket. A 1991 wani bincike a Amurka ya nuna kimanin kashi 91 cikin ɗari na yara 'yan shekara shida da aka gwada sun iya danganta zanen raƙumin nan na Joe Camel da sigari. An daina amfani da zanen a 1997, sannan yarjejeniyar 1998 tsakanin manyan kamfanoni da jihohi 46 ta hana allunan titi da zanen barkwanci. Ingila ta yi dokar hana tallar taba a 2002.

Bayan duk wannan, wurin da ya rage shi ne kanta. A Ingila daga Disambar 2004 aka taƙaita tallar cikin shago zuwa girman rabin fallen takardar ofis. Sai kamfanoni suka mayar da hankali ga manyan akwatunan jera sigari masu fitilu a bayan mai shago, inda ɗaruruwan kwalaye suka zama allon talla guda. Wannan ya sa aka koma hana nuna kwalayen su kansu. Ƙasar Aisilan ce ta fara a 2001, Ingila ta bi a manyan kantuna a 2012, ƙanana kuma a 2015. Ostireliya ta ƙara gaba a Disambar 2012, ta cire tambari da launin kamfani daga jikin kwali. A Amurka, inda ba a yi irin wannan hani ba, kamfanonin sigari sun kashe kimanin dala biliyan 7.6 wajen tallata hajarsu a 2019, kuma mafi yawan kuɗin rangwame ne da aka bai wa 'yan kasuwa domin farashi ya sauka a kan kanta.

A Nijeriya, doka mai lamba 20 ta 1990 ce ta wajabta rubuta gargaɗin Ma'aikatar Lafiya a jikin kwali da cikin talla. Ƙasar ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita taba a 2005, sannan dokar 2015 ta hana tallar taba ga jama'a, da sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, da sayar da sigari kara-kara. Wannan hani na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai, domin wanda ya sayi kara ɗaya ba ya tafiya da kwali, ke nan gargaɗin da ke jikinsa bai bi shi ba, kuma farashin kara ɗaya bai fi ƙarfin aljihun yaro ba.

3.7 Matsayin Tsofaffin Katunan a Yau

Katunan da aka raba kyauta a da, yanzu kayan tarihi ne da ake gwanjonsu. Da yake kwali ba ya jure laima da rana, kuma mai shago yakan jefar da tsoho da zarar sabo ya zo, kaɗan ne suka tsira, shi ya sa suke da tsada. Katin cikin kwali mai hoton ɗan wasan besbol Honus Wagner, wanda aka buga tsakanin 1909 da 1911, an sayar da guda ɗaya dala miliyan 7.25 a 2022. Jami'ar Stanford kuma ta tara dubban tsofaffin tallace-tallacen taba domin nazari.

Amma bai kamata mai nazari ya tsaya ga kyan zane da tsadar kati ba, domin kyan ɗan maciji ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara. Biyu daga cikin waɗanda suka fito a tallar Marlboro, wato Wayne McLaren da David McLean, ciwon dajin huhu ne ajalinsu, a 1992 da 1995. Darajar waɗannan katuna ta haƙiƙa ita ce shaidar da suke bayarwa a kan abin da aka gaya wa jama'a, da kalmomin da aka zaɓa, da kuma waɗanda aka nufa da saƙon.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa injin naɗi da ɗab'i mai launi da gasar kamfanoni su suka haifar da katin kanta. An ga kuma cewa katin bai dogara da bayanin taba ba, ya dogara ne da hoton jarunta da 'yanci da lafiya, kuma sunayen da Hausawa suka laƙaba wa sigari sun ƙarfafa wannan ra'ayi. Haka nan an nuna yadda tallar ta riƙa ja da baya a gaban doka har ta dawo kan kanta da jikin kwali. Bisa ga wannan, duk nazarin da za a yi wa tallar taba a ƙasar Hausa dole ya haɗa da teburin mai tireda da yadda ake jera kaya a kansa. A babi na gaba za a ɗauki zaɓaɓɓun tallace-tallace a yi musu fiɗa ta fuskar zaɓen kalmomi da ginin jimla.